Babbar riga ko kostim: amsa ga Alhaji mai shirin shiga jirgin ruwa

Alhaji, barkanku da wannan arziki, Allah ya yi wa ɗiyar taku albarka. Tambayar da kuka ajiye mana a zaure ita ce: ta biya muku kwana 7 a jirgin ruwan shaƙatawa da zai tashi daga Marsey ta ƙasar Faransa ya zaga Bahar Rum, ku da Hajiya, kuma takardar ta ce akwai daren gala, wato daren cin ado, sau 2. Shin ku sayi kostim ne, ko ku ɗauki babbar riga? Ita kuma Hajiya me za ta sa? Na shiga irin wannan jirgi bara waccan tare da maiɗakina, ƙanena da ke zaune can ne ya kai mu, kuma na tafi da kayan iri biyu. Ra'ayina tun daga farko: ku tafi da kayanmu, amma ku zaɓe su da lissafin jirgi, ba da lissafin ɗaurin aure a Maradi ba.

Sai mun san yadda cin abincin yake kafin mu auna. Akwai wurin da kowa ke ɗiba da kansa, can ba ruwan kowa da abin da ka sa. Akwai kuma babban ɗakin cin abinci, inda ake ba ka tebur da lokaci, zama na farko da marece, na biyu wajen ƙarfe 9, a kawo abinci kashi-kashi har a kwashe awa ɗaya da rabi ko biyu. Nan ne ake duban sutura. A sauran darare abin da suke so kawai shi ne tsabta da kamala: ban da gajeren wando, ban da kayan wanka, ban da silifas. Daren gala ne mutane ke cin ado, masu hoto su baza fitilunsu, wani lokaci kumandan jirgin ya fito a gaisa. Tsananin dokar ya danganta da kamfani. MSC da Costa, waɗanda suka fi tashi daga Marsey, suna da sassauci. Norwegian ba ya ma tilasta daren ado. Masu tsauri su ne irin Cunard na Ingila, mai jirgin Queen Mary 2 da ya fara aiki a 2004, inda maza ke sa baƙar kwat a daren gala. To ko a irin waɗannan, cikakkiyar suturar ƙasar mutum karɓaɓɓiya ce. Mutumin Sikotilan da ɗan zanensa mai ninki yake shiga, a girmama shi. Babbar riga ba ta gaza wannan da komi ba.

Kostim yana da kirkinsa, kada a zalunce shi. Ba ya cin wuri a akwati, guda ɗaya mai duhu ya ishi dare biyu in an canza rigar ciki, hannunsa ba ya sharar tebur, kuma yana tare sanyin kilim, wanda a cikin jiragen nan ba ya wasa. Wanda ya saba da shi a wurin aiki, ya ɗauki abinsa ya huta. Amma ku, Alhaji, kun ce rabonku da shi tun kuna makaranta. Kostim tufa ce mai tona asiri: kafaɗa ta ɗan yi yawa, ko hannu ya wuce wuyan hannu da yatsa biyu, kowa zai gane na aro ne ko na gaggawa. Telolinmu gwanaye ne a wuyan kaftani da aikin babbar riga, ƙalilan ne cikinsu suka iya kafaɗar kwat, domin wata sana'a ce daban. Ba kuma shi kaɗai ake saye ba, sai an haɗa da riga mai kwala, kirabat, ɗamara, safa da baƙin takalmi. Kirabat masu kyau da yawa na alharini ne, abin da namiji musulmi ke gudu, sai an duba rubutun da ke bayansa. Ga alwala: a tuɓe kwat, a kwance maɓallan hannu, a cire safa, a banɗakin da bai fi a juya sau ɗaya ba.

Daren gala na farko kostim na sa. Ba wanda ya ce mini komi, na ɓace cikin ɗaruruwan maza masu kaya iri ɗaya. Dare na biyu na sa farar shadda mai aska biyu da hula kube. Tsohuwar Bataliyar da muke tebur ɗaya da ita ta nemi izini ta taɓa aikin wuyan, mijinta ya tambaye ni daga ina, har hira ta kai mu ga jar akuyar Maradi da fatarta da ake fitarwa Turai. Na ji daɗin wannan dare ƙwarai, domin ranar ce aka tambaye ni sunan garinmu. Ita kanta shaddar ba baƙuwar Turai ba ce: Getzner da muke ji da ita a ƙasar Ostiriya ake saƙa ta, mu ne muka san yadda ake ɗinka ta a sa.

Sai dai babbar riga ma tana da nata haraji, kuma a nan nake so ku saurara da kyau. Cikakken ɗinki, riga da ƴar ciki da wando, yana cin wajen mita 10, kaftani da wando kuwa rabin haka. Akwatin jirgin sama kilo 23 ne, ga hanya daga nan zuwa Yamai fiye da kilomita 600, sannan a sauka a canza jirgi kafin a isa Faransa. Duk bugun da aka yi wa shadda, kafin ta isa ta kwanta ta yi layi. A jirgin ruwa kuma an hana shiga da dutsen guga saboda tsoron gobara, in an gani a akwati karɓewa ake yi sai ranar sauka. Akwai masu wanki da guga na kuɗi. Guga kawai za ku ba su, kada ku kuskura a wanke. Ni na ba da wani kaftani na shadda a wanke, ya dawo da tsabta amma ƙyallin ya tafi, don ba su san bugu ba, ba su san sitati irin namu ba. Ku naɗe rigar a kan layin da mai bugu ya bari, ku sa ta a leda ita kaɗai a saman kaya, kuna shiga ɗaki ku rataye ta.

Abu na biyu shi ne tebur. Teburan a matse suke, kowane mutum da kofunan gilashi biyu ko uku a gabansa, ga cokula jere. Hannun babbar riga in ya zamo daga kafaɗa, sai ya kwashi abin da ya samu. Don haka malum-malum mai nauyin aiki ta zauna gida ta jira salla. Ku sa tela ya ɗinka mai madaidaicin faɗi, wadda in an aza ta a kafaɗa take zama, tsawonta kuma ya tsaya sama da idon sawu, saboda matakala ba ta ƙarewa a jirgi, kuma in teku ta motsa hannu ɗaya na riƙe da ƙarfe. A waje kan bene iska tana cika riga kamar tanti, tana kuma ɗauke hula, ku riƙe ta in za ku fita shan iska. A ɗakin abinci hular ƴan ƙwallo ce ake cewa a cire, ni ba wanda ya yi wa kube tawa magana.

Kaftani shi ne ya raba gardama a sauran darare 5. Uku sun isa: fari, ruwan toka da shuɗi mai duhu, da ƴar shara ko rigar sanyi marar nauyi a ciki saboda kilim. Da shi za ku ci abinci, da shi za ku yi salla. In ma kun ga babbar riga za ta takura ku, kaftani na shadda mai kyau da aiki a wuya da hula ya wadatar a daren gala na jiragen Marsey. Takalmi kuwa sau-ciki na fata, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi.

Hajiya, ke naki zaɓin tsakanin leshi ko shadda ne da abaya. Leshi mai duwatsu yana da kyau a hoto, amma yana da nauyi, yana kama rigar tebur da kujera, zane kuma yana son gyara duk tashi. Ki ɗauki guda ɗaya, a yi miki doguwar riga da shi maimakon riga da zane, ki sa a gala ta farko. Ta biyu abaya mai ɗan aiki a hannu da gaba ta isa, ba ta yamutsewa, ba ta cin wuri. Sauran darare atamfa. Ɗaurin kallabi ya zama madaidaici, domin bayan abinci ana shiga zauren wasa, na bayanki yana son ganin dandali. Gyale a kafe shi da fil saboda iska, takalmi kuma marar tsini. Zinari ki rage, wanda kika ɗauka ki riƙa kulle shi a ɗan akwatin ƙarfen da ke cikin ɗaki. Abin da ya fi ba maiɗakina takaici shi ne turaren wuta: an hana kunna shi, an hana kyandir, an hana duk abin da ke yin garwashi. Ki turara kayan tun a gida ki ƙulle su a leda, ƙamshin zai kai ki har ki dawo, humra kuma ta shiga babban akwati.

Saura ranar shiga. A tashar jirgi ake karɓar manyan akwatuna, sai bayan sa'o'i a kawo su ƙofar ɗaki, wani lokaci har lokacin abinci ya yi ba su iso ba. A daren ƙarshe kuma ana ajiye su a bakin ƙofa kafin a kwanta, ba a sake ganinsu sai a ƙasa. Saboda haka, Alhaji, kaftani ɗaya da hula su kasance a jakar hannu, Hajiya ma abaya ɗaya da gyale, tare da magunguna da takardun tafiya. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.