An rage ma'aikata: a yi shiru ko a zauna da shugaba?

A Yamai, idan kamfani ya sallami ma'aikata, ko ya ƙi cike gurbin waɗanda suka tafi, aikin mutum uku kan faɗo a kan mutum guda. Hanya biyu ce a gabansa.

Ta farko, ya yi shiru ya ɗauki komai. Ana gane dalilinsa: samun aiki da wuya a garin nan, ga kuɗin haya, ga na makarantar yara, kuma yana tsoron sallama ta gaba ta zo kansa. Amma mai zama biro har bayan isha'i kullum, cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, jikinsa zai gaya masa. Kuskure ya yawaita, barci ya ƙaura. Abin da ya fi damuna, shugaba zai ɗauka gurbin ba ya buƙatar kowa, tunda aiki na tafiya.

Ta biyu, ya rubuta ayyukan duka ya tafi da su: "Ranka ya daɗe, wanne za a fara, wanne zai jira?" Nan na karkata. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta tsaida awa 40 a mako. Abin da ya haura haka ƙarin lokaci ne, kuma da ƙarin kuɗi ake biyansa. In ba a saurare shi ba, akwai wakilin ma'aikata, akwai ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN da CDTN, akwai sufeton ƙwadago. Haɗarin wannan hanya shi ne a ce masa mai taurin kai, don haka ya yi maganar cikin ladabi, ya riƙa rubuta awowin da ya yi kowace rana.