Shimfiɗar takalmi don ciwon baya: ta awo ko ta kanti?

Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Ka tambaya wace shimfiɗar cikin takalmi ta fi dacewa da ciwon baya. Duka biyun na taka su, wadda ake auna ƙafarka a yi maka da wadda ake ɗauka a kanti.

Ta awon ita ce a takalmina yanzu, shekara ta uku ke nan. Aikina na tsayuwa ne, kafin la'asar ƙuguna ya riƙe, ruku'u ma sai na dafa. Da na je wurin likitan fisiyo, wato mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, bai fara da bayan ba. Ya sa na yi tafiya ba takalmi yana kallo, ya kwantar da ni ya auna, sai ga ƙafar hagu ta gaza ta dama da kusan santimita 2. Ashe shekara da shekaru a karkace nake tafiya, tela ma ya sha rage mini ƙafar wando ɗaya ban taɓa kawo komai a raina ba. Aka sa na taka wani soso a cikin akwati, ya ɗauki siffar tafin ƙafata, aka yi shimfiɗar da ƙarin tudu a dunduniyar hagu. Makon farko na so in jefar da ita, kamar dutse a takalmi. Likitan ya ce in riƙa sa ta awa ɗaya zuwa biyu a rana, ina ƙarawa a hankali. Wajen mako na shida na lura na idar da sallah ban nemi bango ba.

Ta kanti kuwa, mai taushin nan kamar katifa, daɗin taku kawai gare ta. Wata uku ta lotse, bayana bai ma san na saya ba.

Amma kada labarina ya ja ka. Ni an samu takamaiman abin da za a gyara, ga atisayen ciki da ƙugu da na haɗa da shi, wanda ina zargin shi ya yi rabin aikin. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara wa likitoci ƙa'idojin magani, a ƙa'idojinta na 2016, cewa ta yi kada a riƙa ba masu ciwon baya irin wannan shimfiɗa a matsayin magani, don hujjar ba ta da ƙarfi. Wanda ƙafafunsa suke daidai, ta awo ba lallai ta tsinana masa komai ba sai ramin aljihu.

Ka kuma yi hattara da masu ɗora mutum a kan na'ura, allo ya nuna ja da kore, su ce ƙafarka ta lalace. Kowa ya hau sai an samo masa cuta. Wasu ta kanti suke cirowa daga leda su kira ta ta awo. Shimfiɗu masu maganaɗisu da ake cewa suna warkar da komai, ko kallonsu kada ka yi.

Ka fara zuwa a auna ka wurin likitan da ba shi ke sayarwa ba. In an ga gajarta ko tafin ƙafa ya shafe yana karkata ciki, yi ta awo. In ba a ga komai ba, riƙe kuɗinka ka kama atisaye. In kuwa ƙafa tana mutuwa, ko fitsari yana kufce maka, bar zancen takalmi ka tafi asibiti yau.