GARGAƊI: ɗan damfarar da ya cinye mana dala 4,750 da sunan farautar mus a arewacin Ontario

Salamu alaikum 'yan uwa mazauna Kanada. Sati uku kenan ina rubuta wannan abu ina gogewa saboda kunya, amma jiya da daddare na ga mutumin nan da ya damfare mu da sunan shi mai sansanin farautar mus ne ya sake buɗe shafi a Facebook da wani suna daban, hotuna kuwa su ne dai, tabkin nan, kwalekwalen nan, ɗakin katakon nan mai jan rufi, to wallahi shiru ya ƙare. Dala 4,750 ya ci mana. Dalar Kanada 4,750, kuma 2,000 a ciki ba kuɗina ba ne, na wani dattijo ne da muke sallar Juma'a tare, mutumin da ya kusa haifata, ni na je har gidansa na ce Alhaji zo mu je, na samo mana mutum mai amana. Da bakina na faɗa.

Kafin wani ya ce min ai kai ma ka yi sakaci, ku tsaya ku ji. Ni ba daga barci na tashi na ce zan shiga daji ba. Kakana maharbi ne a ƙasar Ningi, da bindigar toka ya ci da gidansa, tun ina yaro abin yana raina, kuma tunda na zo ƙasar nan na ga mus da idona a gefen titi na ƙudurta sai na yi farautarsa ta hanyar doka. Wanda bai san mus ba, dangin barewa ne amma ya fi doki tsawo, namijin yana iya wuce kilo 500, ƙahonsa faffaɗa kamar an buɗe tafin hannu. Shekara ɗaya da rabi ina shiri. Na yi kwas ɗin kiyaye bindiga na ci jarabawar rubutu da ta hannu, na cike takardar PAL, wato lasisin mallakar bindiga na Kanada, har uwargida ta sa hannu don ana neman sanin matar mutum, na jira kwana 28 da doka ta ɗora wa sabon mai nema da ƙarin wasu makonni a kai, na yi kwas ɗin mafarauta na Ontario, na karɓi Outdoors Card ɗina, wato katin shaidar mafarauta na Ontario, na sayi bindiga .308 da akwatin ƙarfen kulle ta, na sayi riga da hula ruwan lemo da ake tilasta sawa. Duk wannan na yi shi daidai, babu inda na bi ta bayan gida. Mai irin wannan bin ƙa'idar za a ce masa bai da hankali?

Inda matsalar ta faro shi ne tag, wato takardar izinin kashe dabba guda. Lasisi kaɗai bai isa ka harbi mus ba, sai da tag, kuma tun 2021 Ontario ta koma rabawa da maki, kana nema a watan Afrilu, wanda ya daɗe yana nema bai samu ba shi ke da maki da yawa. Ni sabon shiga me nake da shi? Na nema ban samu ba. Sai aka ce min masu sansanin farauta da gwamnati ta sani suna da nasu kason tag da suke ba baƙinsu, kuma wannan gaskiya ne, ba ƙarya a ciki, shi ya sa da mutumin nan ya ce yana da tag ɗin namiji guda ɗaya da ya rage saboda wasu Amurkawa sun fasa zuwa, ban ji wani ɗar ba. Ya ce mu biyu za mu iya farauta a kan tag ɗaya matuƙar ba mu yi nisan da ya wuce kilomita 5 da juna ba kuma muna iya magana da juna nan take, na je na duba littafin dokokin farauta na ga haka yake. Ya san dokar fiye da ni wallahi.

Minti 47 muka yi a waya ranar farko. Har yanzu yana cikin wayata, 47. Abin da ke hana ni barci shi ne tambayar da ya fara yi min, ya ce kana da PAL? Na ce eh. Ya ce to turo hotonsa, don in ba ka da shi ba zan ɗauke ka ba ko nawa za ka biya. Ku gaya min don Allah, ɓarawo ne ke cewa ba zai karɓi kuɗinka ba? Sannan na ce masa zan sayi wani takalmi na dala 400 da na gani, ya ce kar ka ɓata kuɗinka, takalmin roba mai tsawo da safa mai kauri biyu sun ishe ka a ƙarshen Satumba. Ya hana ni kashe 400. A nan zuciyata ta kwanta, a daidai nan, ina zaune cikin mota a wajen aiki lokacin hutun rana, na ce a raina wannan mutumin kirki ne. Da na kawo maganar addini kuma ya ce ya taɓa saukar Musulmi, zai ware mana tukunya da faranti da naman alade bai taɓa ba, kuma in dabbar ta faɗi da sauran rai zai ja baya mu yanka da kanmu. Wannan maganar ce na kai wa Alhaji. Ya ce ƙanena ka tabbata? Na ce Alhaji na tabbata. Kullum sai wannan kalmar ta dawo min, na tabbata.

Kuɗin sau uku na tura, duk ta Interac, wato hanyar tura kuɗi kai tsaye daga banki zuwa banki a Kanada. 1,800 na kama wuri a watan Yuni, sai 750 na jirgi, a'a, 2,200 ne na biyu, na tag da sauran kuɗin sansani, wannan a Yuli, 750 ɗin a ƙarshe ne saura kwana tara mu tashi. Ya ce ƙaramin jirgin da ke sauka kan ruwa, wanda zai kai mu sansanin, yana da iyakar nauyin da yake ɗauka, in muka kashe mus dole jirgi ya yi sahu na daban don kwaso naman, kuma matuƙin yana son kuɗinsa tun kafin lokaci. Shi ma wannan na tambayi wani Bature abokin aikina da ke farauta ya ce eh ana yin sahun nama daban. 1,800 da 2,200 da 750. Ku haɗa, 4,750. Kowanne ya turo min rasit mai tambari da hoton kan mus, har da harajin HST kashi 13 a rubuce. Sai daga baya na lura babu lambar rajistar haraji a jiki ko ɗaya, kuma sunan da ke fitowa in na tura kuɗin sunan mace ne, na tambaye shi tun a na farko ya ce matarsa ce ke riƙe da lissafi. Mutum nawa ne matansu ke riƙe musu lissafi a ƙasar nan? Ban ga abin zargi ba a lokacin.

Na manta ban faɗa ba, sau biyu na nemi mu yi bidiyo kol, ya ce yana can sansani sabis ba ƙarfi, ta wayar satalayit yake magana. Wurin da sai da jirgi ake shiga, wa zai yi musu?

Muka tashi daga Toronto da asuba, kusan kilomita 1,400 zuwa Thunder Bay, muka kwana a hanya saboda ƙafar Alhaji, washegari muka ƙarasa, sannan muka hau titin 527 zuwa Armstrong, sama da kilomita 200 na daji zalla, a can titin ya ƙare. Mota cike da kula huɗu da muka saya don nama, jakar barci, garin kunu da uwargida ta haɗa mana, har yaji ta daka ta ce na kilishi ne in mun dawo. Tun muna Thunder Bay wayarsa ta daina shiga, na ce wa Alhaji ai ya faɗa dama sabis ba ƙarfi. Ƙarfe 7 na safe ya ce mu same shi a bakin ruwa inda jirage ke tashi. Muka tsaya har 11 cikin sanyi, muna kallon wasu mafarauta ana auna kayansu a sikeli ana loda musu suna tafiya. Daga ƙarshe na shiga ofishin masu jirgin na nuna wa wata mata rasit, ta duba littafinta ta ce babu sunanmu, babu sunan sansanin, ba ta taɓa jin sa ba kuma ta daɗe a wurin. Ta kira wani matuƙi ya kalli hotunan ya ce wannan tabkin ba na yankinsu ba ne sam. Mutanen nan sun kyauta mana, har shayi suka ba mu, matar ta ce ba mu ne na farko da suka zo da irin wannan takarda ba a bana.

Alhaji bai ce min komai ba. Da ma ya zage ni da ya fi min sauƙi. Ya yi alwala da ruwan gora ya yi azahar a gefen mota, ya ce ƙanena Allah bai rubuta ba, tada mota. Awa goma sha shida na tuƙi da dattijo mai ciwon ƙafa a gefena yana ba ni haƙuri, ni da na jawo masa asarar 2,000 da hutun da ya ɗauka.

Banki sun ce tunda ni na tura da hannuna kuma akawun ɗin can yana kan karɓa kai tsaye, kuɗi na shiga shikenan, ba a janyewa. Na kai rahoto wajen 'yan sanda, na kuma shigar a cibiyar karɓar rahoton damfara ta Kanada, an ba ni lambar fayil. Kuma hoton PAL ɗina da adireshin gidana suna hannunsa, ya san akwai bindiga a gidan, wannan ma na sanar, har makullin ƙofa na canza. Abin da na ɗauka alamar amana ashe takarduna yake tarawa.

In za ku je, ku kira ma'aikatar albarkatun ƙasa ta Ontario ku tambaya ko sansanin yana da kason tag na mus, ku kira kamfanin jirgin da kanku, ku biya da katin kiredit. Kar ku tura wa kowa hoton PAL.

Skirinshot suna nan duka, hirar WhatsApp tun daga Yuni, rasit uku, shafinsa na da da sabon na jiya, zan ɗora su yau da daddare in na rufe lambobina da sunan matar, don 'yan sanda sun ce mai yiwuwa ita ma amfani aka yi da akawun ɗinta. Duk wanda ya tura wa mutumin nan ko sisi ya yi min magana mu haɗa rahoto wuri ɗaya. Alhaji ya rantse ba zai karɓi kuɗinsa ba, ni kuma na fara kai wa matarsa Hajiya 250 duk wata ba tare da saninsa ba, saura wata bakwai. 4,750 fa jama'a, kuma minti 47 kacal ya yi yana magana da ni na yarda da shi.