Ajin Asabar na rubutun shari'a a Zoo Road

Ina aji huɗu a fannin shari'a a Jami'ar Bayero, kuma sai da na shiga ajin wata lauya a Zoo Road na gane ashe ban iya bincike ba. Asabar shida muka yi.

Ranar farko ta ajiye mana kundin NWLR, rahoton shari'o'in da marigayi Gani Fawehinmi ya kafa a 1985, ta ce mu ware ainihin dalilin hukunci daga maganar da alƙali ya faɗa a gefe. Gumi ya karyo mini. Daga nan muka shiga sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, kan shaidar da aka ciro daga kwamfuta, da shari'ar Kubor da Dickson, inda Kotun Ƙoli ta yi bayanin wannan sashe. Shafi biyar na rubuta, Barista ta bi da jan biro ta mayar da shi biyu. "Ƙanwata, wace tambaya kike amsawa?" Har yau wannan tambayar nake fara yi wa kaina.

Matsalar wurin ita ce zafi, ga kwamfuta uku kacal ga mutum goma sha biyar. Duk da haka na riga na rubuta wa ƙawata suna a zagaye na gaba.