Hoto a tsakiyar rubutu: a cusa shi da Base64 ko a ajiye shi gefe?

Ɗan'uwa, ka ce kana gina manhajar da malaman gona na yankin Marwa za su riƙa rubuta rahoto suna saka hoton gonar auduga a tsakiyar rubutun. Tambayarka ita ce: a mayar da hoton Base64, wato jerin haruffa zalla, a cusa shi cikin rubutun, ko a ajiye shi daban a sa sunansa kawai?

Base64 yana da daɗin farawa. Hoto da rubutu suna ƙulle wuri ɗaya, ko a ƙauyen da babu sabis hoton zai fito. Sai dai kowane bayit 3 yana komawa haruffa 4, wato hoton ya kumbura da kashi ɗaya bisa uku. Hoton waya mai megabayit 3 ya zama 4 ke nan. A Android kuwa, CursorWindow da ke ɗauko bayanai daga SQLite, rumbun bayanan da ke cikin waya, megabayit 2 yake ɗauka. Layi ɗaya na rumbun ya wuce haka, karanta shi ya gagara. Firestore, rumbun bayanan Google na intanet, shi ma ba ya karɓar takarda da ta haura megabayit 1.

Na taɓa faɗawa wannan ramin a Garwa, a wata manhajar lissafin shago. Mai shagon ya saka hoton rasit uku a shafi ɗaya, washegari ya taɓa shafin, manhajar ta rufe kanta. Ya miƙo min wayar bai ce uffan ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne duk sanda ya gyara harafi ɗaya, hotunan gaba ɗaya ake sake turawa, datarsa na ƙonewa a banza.

Ajiye hoto gefe ya fi wahalar gini, amma shi nake ba ka shawara. Hoton ya zauna a matsayin fayil cikin ma'ajiyar manhajar, rubutun ya riƙe lambarsa kaɗai. Word ma haka yake yi: fayil ɗin docx ƙunshin zip ne, hotunansa na zube a word/media. Batun rashin sabis kuwa, hoton yana cikin wayar tun farko, sai ka bar wa WorkManager, kayan aikin Android mai gudanar da aiki a bayan fage, ya tura shi in intanet ta samu, kayan nuna hoto irin su Glide ko Coil su nuna shi. Aikin da zai hau kanka shi ne sharar hotunan da aka goge daga rubutu, da nuna wani ɗan akwati a gurbin hoton da bai sauko ba tukuna.

Base64 ka bar shi ga ƙaramin tambari ko sa hannu, ko ranar da za a fitar da rahoton a fayil ɗin HTML guda a tura wa wani.

Ko wanne ka ɗauka, rage hoton tun kafin ajiya. Faɗin fiksil 1280 a JPEG ko WebP ya isa a ga tsutsa a jikin ganyen auduga, kuma ka gwada a kan ƙaramar itel, irin wadda malaman za su riƙe a gona.