Zuwa Mambila: da rani ko da damina?

Masu shirin zuwa tsaunin Mambila a jihar Taraba sun sha tambayata lokacin da ya fi dacewa.

Hanya ita ce babbar magana. Daga Serti, da an wuce Mayo Selbe sai hawa mai kwana-kwana, a bi ta Nguroje har Gembu. Daga Nuwamba zuwa Maris mota na hawa lafiya. Da damina kuwa, musamman Agusta da Satumba, ga santsi, ga gajimare ya sauko ya rufe gaban direba, wani lokaci ma ƙasa ta zaftare. Shiga ƙauyuka sai da babur, kuɗinsa kuma yakan tashi.

Amma a ganina kyan Mambila na damina ne. Tuddai su yi kore shar, shanun Fulani su ƙoshi, gonar shayi ta Kakara kamar an shimfiɗa darduma. Da rani ciyawa ta bushe, hazo ya tare hangen nesa.

Sanyi kam ba ya yankewa, tunda tsayin wurin ya kai mita 1,500. Daren Disamba da Janairu sai da bargo mai kauri.

Mai tafiya da yara ko tsofaffi, rani ya fi masa. Mai son ganin kore, wanda ba ya gaggawa, damina ce tasa.