Takalmin hawa dutse da jaket ɗin ruwa da na siyo a gwanjo, bayan damina biyu

Damina biyu kenan ina taka takalmin nan ina kuma saka jaket ɗin, shi yasa yanzu nake ganin na isa in yi magana a kansu. Ni aikina bin rugage ne, ina taya malamin dabbobi allurar shanu da awaki a ɓangaren Doguwa, kuma duk wanda ya taɓa zuwa Riruwai ya san ba irin shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Kura ko Bunkure bace, tsohon garin haƙar kuza ne duwatsu sun kewaye shi, mashin iyakarsa gindin dutse sauran kuma ƙafarka ce, awa biyu wataran uku, ga akwatin allura a kafaɗa ga ruwan Agusta da baya sallama.

Da farko takalmin sefti na siya, irin mai ƙarfe a baki na masu aikin gini, a tunanina tunda yana da ƙarfi shikenan. Wlh na sha wuya. Hawa da sauƙi, gangarowa ce matsalar, duk taku ɗaya yatsuna sai sun daki ƙarfen nan, kafin sati uku farcen babban yatsana ya yi baƙi daga baya ya cire gaba ɗaya. Na koma rembut na roba irin na masu noman shinkafa, shi kuma ruwa baya shiga amma zufa ta cika shi, ƙafa na yawo a ciki, baya riƙe idon sawu ko kaɗan, a cikinsa na yi targaɗen da ya zaunar da ni kwana 9. Rigar ruwa kuwa ta leda ce irin ta ƴan acaɓa, ƙaya ɗaya ta sarƙaƙiya ta raba ta biyu.

Yayana ne yace in daina ɓarnar kuɗi in shiga Kano kasuwar Ƙofar Wambai wajen masu gwanjo, ya kwatanta min wani dattijo da ke fasa dilar takalma. To anan ne na ga abin da yasa har yau nake tura masa mutane. Idona ya faɗa kan wani but mai kyau ruwan ƙasa, kamar ba a taɓa taka shi ba, har na fara ciniki, sai ya karɓe daga hannuna yace "yaro ina zaka da shi?" nace Baba dutse zan dinga hawa. Sai ya sa babban yatsa ya danna sosan nan da ke tsakanin fata da tafin takalmin, kawai na ga yana marmashewa kamar busasshen dambu. Yace wannan ko kyauta na baka cutarka na yi, rana ɗaya zai bar ka a daji ba tafi. Irin sosan da ake kira PU ne, yana shan danshin iska a hankali, idan ya shekara da yawa ruɓewa yake daga ciki koda a kwali yake ajiye, saman na ƙyalli ƙasan ya mutu. Mutumin da zai iya karɓar kuɗina ya yi shiru amma ya hana ni, gaskiya abin ya shiga raina.

Shi da kansa ya tono min wani daga ƙasan tsibi. Na fata ne, ya ɗan sha jiki, wuyansa ya haura idon sawu, a tafin akwai tambarin nan rawaya na Vibram, kamfanin Italiya da ke yin tafin takalman hawa dutse, haƙoransa masu zurfi basu cinye ba. Ya sa na kama baki da dunduniya na murɗa kamar mai matse wanki, yace in ya murɗu da sauƙi na yawon gari ne, na dutse sai ya yi gardama, lanƙwasarsa kuma daidai gindin yatsu kawai. Ya nuna min harshen takalmin a ɗinke yake da gefe da gefe har sama, ta nan ne tsakuwa da ruwa ke samun hanya a wanda ba a ɗinke ba. Ni 43 nake sakawa amma 44 ya bani, ya aro min safa mai kauri, yace in kwance igiya in tura ƙafa gaba har ta taɓa baki, idan yatsan hannu ɗaya ya shiga bayan dunduniya to daidai ne. Kuma lokacin bayan la'asar ne na wuni ina yawo ƙafa ta ɗan kumbura, wanda hakan ma ya taimaka, wanda ya gwada da sassafe yakan ɗauko ƙarami.

Satin farko sai da ya yi min bororo a dunduniyar hagu, laifina ne da na tashi da shi kai tsaye zuwa dutse ban fara zagaya gari da shi ba ya saba da ƙafata. Daga nan kuma lafiya lau. Gangara yanzu ina ɗaure igiyar sama tamau dunduniya ta zauna wuri ɗaya, yatsu basa kai wa baki. Raɓar safiya a ciyawa wadda da take jiƙa ni kafin in kai ruga ta farko yanzu safata a bushe take, laka da tsakuwa yana kama su sosai, sau nawa ƙafata ta so gurɗewa tsakanin duwatsu wuyan ya riƙe ta. Ga kuma kwanciyar hankali ta wajen maciji, ban ce garkuwa bane, amma wanda ya san kububuwa a ƙasa-ƙasa take sara ya san fata mai kauri a idon sawu ta fi silifas nesa ba kusa ba.

Amma kar wani ya ɗauka baya santsi. A kan falalen dutse jiƙaƙƙe mai gansakuka yana zamewa kamar kowane takalmi, sai ka bi a hankali da sanda. Yana da nauyi, yamma na yi zaka ji shi a cinya. Idan ka tsallaka rafi ruwa ya shiga ta sama kuwa to ka shirya kwana biyu kafin ya bushe, abin da ya hana ruwa shiga shi ne yake hana shi fita. Kar a kara shi a murhu don Allah, abokin aikina ya yi haka da nasa gam ɗin ya saki fatar ta ƙanƙance, ni tsohuwar jarida nake cusawa in ajiye a inuwa inda iska ke bi. Lokacin sallah ma kwancewa da ɗaurewa aiki ne, sai na koma jefa silifas a jaka saboda alwala. Kuma da safe in na kwana a ruga sai na zazzage shi saboda kunama.

Jaket ɗin a rumfar maƙocinsa na samu, shi ma dattijon ne ya raka ni. Abu na farko juya ta aka yi ciki waje. Duk inda allura ta bi rami ne, shi yasa ta kirki ake manne bayan kowane ɗinki da wani siririn tef, in ka ga tef ɗin na ɗagowa ko farin shafin da ke cikinta na zuba kamar amosanin kai to ajiye ta komai girman sunan da ke ƙirji. Guda huɗu muka ajiye a haka. Ta biyar tana da tambarin Gore-Tex, wato akwai wani siririn shafi a ciki mai ƙananan ƙofofi da ɗigon ruwa baya iya ratsawa amma tururin jiki yana fita. Wasu kuma zaka ga an rubuta 10,000mm ko 20,000mm, ma'aunin ƙarfin ruwan da yadin zai jure ne, yawan lambar yawan juriyar. Ni dai ban tsaya ga rubutu ba, fiya wata na siya na sa hannu a ciki na juye a kafaɗa da kan zif, ruwan ya dunƙule ya gangare hannuna a bushe.

Ranar da na san na yi sa'a wata Laraba ce ana tsakiyar marka, ruwa ya kama mu a saman dutse ba bishiya ba bukka sama da awa ɗaya da iska, na ja igiyar hular ta kama fuska, na manne bakin hannu, muka sauko rigata ta ciki a bushe, katin rajistar shanu da wayata ma haka. Malam da ke cikin ta leda yana ta karkarwa sai da matar Ardo ta hura masa wuta.

Inda ta gaza: bata ɗumi ko kaɗan, shara-shara ce, da sanyin asuba sai da suwaita a ciki, kuma in rigar cikin ta auduga ce ta jiƙe da gumi zaka ji sanyi kamar ruwa ya dake ka. Hawa da rana kuma kana gumi dole, zif ɗin hammata yana ragewa amma baya hanawa. Ƙarar yadinta na firgita maruƙa sai na cire kafin in shiga garke. A damina ta biyun nan kafaɗar dama inda igiyar akwati ke goga ta fara tsattsafo kaɗan, kuma ina zargin wankin da aka yi mata da garin sabulu ana dirzawa ya rage mata, yanzu ni nake wanke ta da hannuna da ruwa mai ɗan ɗumi.

Su biyun kuɗinsu ya kusa rabin abin da nake samu a wata, na ji zafin fitar da shi, sai dai na sefti da rembut da ledoji uku da na yi ta siya a baya in aka haɗa sun fi haka. Wanda fadama kawai yake shiga rembut ya ishe shi kar ya wahalar da aljihunsa. Bakin takalmin dama ya fara ɗan buɗewa, ranar kasuwa zan kai wa shumeka ya bi shi da zare kafin ruwa ya sauka, kuma na riga na aika wa Baba saƙo ya ajiye min 42 in an fasa dila, ƙanena zai fara bin mu bana.